Jakar da Ba Ta Fito Ba

Ranar Laraba da hantsi aka gano an farke kujerar mamaci.

Motar tana nan inda aka tura ta, gindin wani gawo a bakin titin da ya taso daga Bodinga zuwa Shagari, daidai inda hanyar masu albasa ta Dandin Mahe take hawowa kan kwalta. A nan ne ranar Talata da la'asar wata babbar motar albasa ta fito ba ta tsaya ba, ta soki ƙaramar motar Zayyanu ta gefen direba. Zayyanu malamin asibiti ne, shekararsa talatin da huɗu, yana komawa gida Shagari daga wurin aiki. Kafin a kai shi Bodinga rai ya yi halinsa. Direban albasar bai gudu ba, da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa yana kuka. Wannan kam kowa ya ce ƙaddara ce.

Maganar kujerar ce ba wanda ya yarda ya kira ta ƙaddara. Motar irin waɗanda ake ɓoye wa jakar iska a gefen kujera ce, wadda in an bugi mota ta gefe sai ta kumbura ta shiga tsakanin mutum da ƙofa. Mutum shida ne suka ciro Zayyanu, kuma duk sun rantse ba su ga wata jaka ba. Da jami'in da aka turo duba motar ya leƙa, sai ya tarar da gefen kujerar a farke, mazaunin jakar wayam. Ya ce da jakar tana nan, da wataƙila jinyar karaya ake yi yanzu, ba zaman makoki ba. Ya faɗi maganarsa ya shiga motarsa ya tafi, ya bar gari da wuta.

Kafin azahar kowa ya san ɓarawon. Kamilu ne, bakanike a Bodinga, abokin Zayyanu tun suna yara. Kwana goma kafin haɗarin shi ya kwance wannan kujerar ya gyara mata ƙarfen ja da baya. An kuma san ana cire irin waɗannan jakunkuna ana sayarwa. 'Yan sanda suka ɗauke shi, rabi don bincike, rabi don samari sun fara taruwa a bakin garejinsa da galan ɗin fetur.

Ni sunana Maniru, mutumin Horo Birni. Shekara arba'in ina bin sawun shanun sata, kuma abin da na sani game da mota bai wuce cewa tana kashe mutane ba. Saboda haka na yi mamaki da mai unguwa Abdulrazak na Shagari ya aiko mini da mai babur.

"Maniru," in ji shi, "yaron ga Kamilu gabana yat tashi. Ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Amma ran Littinin za a kai shi kotu, in kau anka kai shi da sunan ya sai da ran abokinai, ko an sake shi ba shi ƙara zama ƙasag ga. Tahi ka duba man ƙasa."

"Ranka shi daɗe, ai mota ba ta da kohwato."

"Wanda yah hwarke kujerar shina da ƙahwa."

Na ɗauki sandata.

* * *

Ba abin da ke ɓata mini rai irin 'yan kallo. Mutanenmu ba sa iya jin an yi haɗari su yi addu'a daga gida, sai kowa ya zo ya taka wurin ya dangwala wa ƙarfe hannu ya ce "Allahu akbar." Abin da ya cece ni shi ne yayyafin farkon damina da aka yi ranar Talata bayan magariba. Ya share sawun taron farko, ya bar ƙasa da laushi. Duk abin da na gani a kanta, na Laraba ne.

A bakin ƙofar direba, ƙarƙashin tattakin masu kallo, na ware sawu uku da suka riga kowa. Akwai takalmin jami'in nan mai ƙwanƙwasa. Akwai silifas na mace, ƙarami, wanda ban ko tsaya a kansa ba, don mata sukan zo su leƙa su yi salati su wuce. Sai kuma takalmin taya na namiji mai nauyi, da layin ƙafar baro a gefensa. Baron ya zo da sauƙi, ya koma yana nutsewa. Na ce to, ga naka nan, Maniru.

Sawun ya kai ni hanyar Mandera, har wani kango da aka tara tsofaffin ƙarafa. Mai su wani ƙato ne, Ahmad, ɗan gwangwan. Yana ganina ya san abin da ya kawo ni, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Baba, wallahi batir kaɗai niɗ ɗauka. Batir da madubi guda."

"Motar mamaci, tun ba a yi sadakar ukku ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jakar kujera hwa?"

"Wace jaka? Ni da niz zo na ishe kujerar a hwarke. Har nic ce wani ya riga ni. Ka bincike kayana duka, in ka ga ƙyalle ko guda ka ɗaure ni."

Na bincike. Batir na nan, madubi na nan, babu ƙyalle. Na tambaye shi ko ya ga wani a wurin. Ya ce babu kowa, sai wata mace can nesa cikin gonakin albasa da ƙunshi a kanta, kamar mai zuwa wanki. Na sa shi ya tura baronsa ya mayar da kayan, ina biye da shi ina yi masa faɗa har bakin titi. Faɗan rabinsa na kaina ne, don na ɓata wuni a kan ɓarawon batir.

* * *

Da yamma na shiga Shagari yin ta'aziyya. Mahaifin Zayyanu shi ne Malami Baduku, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, wanda duk wanda ya taɓa sayen titimin zama ko gafakar fata mai kyau a wannan yankin ya san hannunsa. Yana zaune a zaurensa, inda nan ne kuma wurin aikinsa. An ture kayan sana'ar gefe guda, basilla da wuƙaƙe da wata jar fata babba da aka fara ɗinkawa ba a gama ba. Idanunsa a bushe suke, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan kuka.

Na yi masa gaisuwa, ya amsa. Sannan ya ce, "An ce mai unguwa ya sa ka neman ma yaron can mahita."

"Gaskiya aka nema, Malam, ba mahita ba."

"Gaskiya ta hito tun da hantsi. Yaron da yac ci tuwon gidan ga, yak kwana ɗakin ga, shi yac cire abin da za ya tsare ma wancan rai yas sai da." Bai ambaci sunan Zayyanu ba. Ɗan fari ne, kuma mutanen zamaninmu ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama hira da shi. "Ni ba ni da ƙarhin duka. Amma in ina da rai sai na ga an ɗaure shi, in ba a ɗaure shi nan ba mu haɗu gaban Allah."

Wata mace ta leƙo daga cikin gida da kwanon ruwa, da goyo a bayanta. Ta ajiye ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba. Aka ce Atika ce, ƙanwar mamacin, wadda ke aure a Dandin Mahe. Da za ta koma ta yi tuntuɓe da kwanon har ruwan ya zuba, na ce a raina baƙin ciki ne.

* * *

Ranar Alhamis da safe na je Bodinga. Sajan ɗin da ke riƙe da maganar mutumin kirki ne, ya bar ni na ga Kamilu. Na same shi a zaune a ƙasa, leɓensa a fashe, ido a kumbure. Bai tambaye ni ko zai fita ba.

"Baba Maniru, an yi mai sutura da kyau? Ba su bar ni nig ga jana'izatai ba."

Na ce an yi. Ya yi kuka mai isarsa, na bar shi. Sannan na ce ya koya mini wannan jaka kamar yana koya wa jaki, don ban san kanta ba.

Ya share ido ya miƙo tafin hannunsa. "In anka bugi mota ta gaba, akwai inji, akwai ƙarhe da yawa kahin a iso ga mutum. In ta gehe ta, tsakanin ƙohwa da haƙarƙarinka bai wuce taƙi guda ba. Shi as sa anka sa jakar cikin kujera, kusa da jiki. Tana naɗe, bayanta akwai wata 'yar kwalbar ƙarhe. Da an bugi ƙohwa kwalbar ta hwashe ta hura ta, kahin ka ƙibta ido ta hito."

"Ta ina taka hitowa, tunda kujera a ɗinke take?"

"Ɗinkin gehen nan da gangan anka yi shi sakwa-sakwa. An yi shi don shi yage. Jakar ka tura shi shi buɗe." Ya matso kusa da ni. "Baba, wanda za ya saci jakag ga ba ƙyallen shika so ba, ƙyalle shi kaɗai ko kwabo ba a saye. Da kwalbar aka cirewa gaba ɗaya. Don Allah tahi ka sa hannu cikin ramin. In babu kwalba, to an sace, ku ɗaure ni. In tana nan kuma ta yi baƙi tana warin ƙauri, to jakar tana ciki sa'ad da anka bugi motar, kuma ta tashi."

"In ta tashi, don mi mutum shidda ba su gan ta ba?"

Ya girgiza kai. "Shi na abin da yah hana man barci. Sai in wani abu yat tare ta."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa 'yan sanda haka ba. Ya ce ya faɗa, aka ce masa ai ɓarawo ba ya rasa bayani.

* * *

Rana na tsaka na koma gindin gawon. Na cusa hannu cikin gefen kujerar, ƙarfe ya yanke ni a yatsa, amma na taɓo ta. Kwalbar tana nan daram. Na shinshina hannuna, warin ƙauri kamar an kashe ashana. A bakinta akwai sauran farin ƙyalle, an yanke shi yanka ɗaya, miƙaƙƙe, ba irin yankan mai gaggawa da wuƙar kicin ba. Kamilu bai saci komai ba. Na ji sanyi a raina, sanyin da bai daɗe ba.

Don da na sa ido sosai a kan ɗinkin gefen, wanda Kamilu ya ce an yi shi don ya yage, sai na ga bai yage ba. Yanka shi aka yi daga waje. Kuma a duk tsawonsa akwai wasu huji-huji a jere, layi biyu, tazararsu ɗaya kamar an auna. A cikin wasu akwai guntayen zare mai kauri. Na zaro ɗaya na murza, ya sha kakin zuma. A jikin yadin kujerar mai ruwan toka kuma akwai wani ja-ja da ba jini ba ne, jini baƙi yake komawa in ya kwana. Wannan rinin karan dafi ne, wanda ake rina jar fata da shi. Sai na tuna ɗaya daga cikin waɗanda suka ciro gawar ya ce kujerar ta yi ja jawur, kowa ya ɗauka jini yake nufi.

Na durƙusa na koma kan sawun da na raina. Ƙasar ta bushe ta riƙe shi kamar an zana. Silifas ɗin macen dugadugansa sun nutse fiye da yatsu, alamar mai goyo. Kuma a bakin ƙofar akwai gurbin gwiwoyi biyu, masu zurfi, da gurbin goshi a gabansu. Ta daɗe a nan. Na ga sawun ɓarayi ya fi dubu, ban taɓa ganin wanda ya durƙusa ya kifa goshi a wurin sata ba.

Na bi ta cikin gonakin albasar da aka riga aka cire. Tafiyarta ba ta miƙe ba, takan yi taku ashirin ta tsaya. Sawun ya ratse zuwa wata tsohuwar rumfar ajiyar albasa da rufinta ya rufta. A ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar ciyawa na jawo ƙunshin.

Rigar kujera ce ta jar fatar akuya, aikin da na daɗe ban ga mai kyansa ba, da zanen baƙi da kore a tsakiya. A gefenta na ciki ga farar jakar nan a manne. Ba mannewa ta yi ba, ɗinke ta aka yi. Mai ɗinkin ya ɗora rigar a kan kujerar ya bi gefen da basilla don ta zauna ɗas ba tattara, yadda dukawan kirki suke yi wa sirdi. Basillar ta ratsa fata, ta ratsa yadi, ta ratsa jakar da ke naɗe a ciki, layi biyu. Da kwalbar ta fashe, jakar ta sami kanta a ɗaure kuma a huje.

Na zauna a ƙasa. Wallahi na so a ce ɓarawo na kama.

* * *

Sauran sawun ban sha wahalarsa ba, ya kai ni har ƙofar wani gida a Dandin Mahe. Na yi sallama, maigidan ba ya nan. Atika ta fito zaure, ta dawo ɗaukar kayan yara za ta koma gidan makoki. Da ta ga ƙunshin a hammatata sai ta zame ta zauna.

"Ɗiyata, hwaɗa man. Ba ni da niyyar tozarta ki."

Ta ce, "Kwana huɗu kahin abin ga Baba yag gama ta. Wata biyu shina yi, a ɓoye. Bai ce ma Yaya komi ba, ka san ba su magana. Ranar Juma'a Yaya ya aje mota ƙohwar gida ya tahi masallaci, kahin shi dawo Baba ya ɗinke ta ga kujera. Ta ɗayar kujerar ce ba a gama ba."

"Zayyanu ya san illar abin?"

"Ya sani. Ranar yab biyo nan yan nuna man. Yac ce, 'Atika, wagga riga ba ta dace da kujerag ga ba, akwai jaka ciki, tana hana ta hita.' Nic ce to ka cire mana. Yay yi dariya yac ce, 'Shekara talatin da huɗu tsohon ga bai taɓa ba ni komi hannu da hannu ba, ko sunana bai taɓa kira ba. Yau ya yi man abu da hannunai, in cire washegari? Da wane ido za ni dube shi? Bari ta yi sati biyu shi gani, sannan in ce zahi taka yi man.'" Ta share ido da gefen zani. "Kwana huɗu kaɗai tay yi."

Da aka ce jakar ba ta fito ba, ita kaɗai ta san dalili. Shi ya sa da gari ya waye ta ɗauki wuƙar dukanci da ta taso da irinta a gidan ubanta, ta je ta raba rigar da kujerar. Ba ta zaci wani zai leƙa ramin ba, balle a kama Kamilu.

"To yanzu an kama shi," na ce. "Littinin kotu."

"Baba Maniru, Kamilu yaro na. Ko an ɗaure shi za ya hito. Baba in yaj ji wanga, wallahi kashe shi munka yi. Na rasa Yaya, kada in rasa su biyu cikin sati guda. Ka mai da ƙunshin ga inda kag gane shi. Don Allah, don Annabi."

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba. Na ce mata Kamilu ma ɗan wani ne, yana da mata da 'ya'ya uku da ba sa iya fita ɗibar ruwa tun jiya. Ba zan bar shi a ciki ba. Amma na yi mata alkawari ɗaya: zan nuna kwalbar kawai. Kwalbar ta isa ta wanke Kamilu. Rigar kuwa ba zan fito da ita ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba. Na bar mata ƙunshin na tafi, ina ganin na yi dabara.

* * *

Ranar Juma'a da safe, bayan an shafa addu'ar uku, mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Akwai Malami Baduku, da mutum biyu cikin waɗanda suka ciro gawar, da Ahmad ɗan gwangwan yana ta raba ido. Atika tana bakin ƙofar cikin gida tare da matan mai unguwa. Samari sun cika waje. Sajan ya iso da Kamilu da ankwa a hannu.

Tun daren Alhamis na aika wa sajan cewa ya sa a ciro kwalbar ya zo da ita. Shi kuwa, don son aikinsa ya fita tsaf, sai ya sa aka kwance kujerar gaba ɗaya aka ɗoro ta a bayan mota. Da na ga 'yan sanda biyu sun shigo da ita sun dire a tsakiyar zaure, sai na san dabarata ta rushe.

Na yi bayanina a taƙaice. Na ce Ahmad batir ya ɗauka, ya kuma mayar. Na nuna kwalbar, na sa mai unguwa da sajan suka shinshina. Wani bakanike da sajan ya zo da shi daga Sakkwato ya tabbatar cewa ta tashi a lokacin haɗarin, ba a taɓa kwance ta ba. Na ce saboda haka jakar tana cikin kujerar ranar Talata, Kamilu bai cire komai ba.

"To wa yay yanke ta?" wani ya tambaya daga waje.

"Wani mai tsince-tsince, bayan an gama komi. Sawun ya ɓace man cikin gonaki." Ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba tun da na fara wannan aiki, kuma na ji ɗacinsa a bakina.

Mai unguwa ya yi hamdala, ya buɗe baki zai sallami taro. Sai Malami ya ce, "Ranka shi daɗe, a dakata. In tana ciki, mi yah hana ta hita?"

Ya dafa bango ya tashi, ya tako zuwa kujerar. Idonsa ya yi rauni, saboda haka da hannu ya duba. Na ga yatsunsa suna bin gefen daga sama zuwa ƙasa, suna tsayawa a kan kowane huji. Ya zaro guntun zare, ya murza, ya kai hanci. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ɗinki ba ya ɓatan hannunsa.

"Kamilu," ya ce, bai juyo ba. "Ta ina jakar taka hitowa?"

Kamilu ya dubi kujerar, ya dubi hujin, na ga lokacin da ya gane. Ya ce, "Baba, a bar maganag ga. Kwananai na yaƙ ƙare."

"Tambayarka nika yi."

"Ta ɗinkin gehe, Baba."

"Wanga da nika taɓawa."

"Shi."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Na gane shi ranar. Nic ce dubi aikin banza, ɗinki awa na yaro ɗan koyo, ko wata shidda ba ya yi za ya ɓalle. Sai nib bi shi da basilla. Da nig gama nig ga bai ishe ni ba, nis sake bi." Ya ɗaga yatsu biyu yana nuna wa mai unguwa. "Layi biyu niy yi mai, don shi daɗe."

Atika ta fashe da kuka daga bakin ƙofa. Bai dube ta ba, ya riga ya san yankan wuƙar gidansa. Ni ya juyo ya duba.

"Maniru, kai an ce ba ka ƙarya, ko da yake yau ka gwada. Shi mai motar ya san abin da ɗinkin ga za ya yi?"

Na ce, "Malam, sawu inda mutum yat taka shika nunawa. Ba shi nuna abin da mutum yas sani."

"To ya sani ke nan." Ya dubi kujerar. "Ya sani, yab bar ta, don kada in ji kunya."

Ya taka zuwa wurin Kamilu, ya durƙusa a gabansa, tsoho a gaban sa'an ɗansa. Kamilu ya yi ƙoƙarin ɗaga shi da hannuwan da ke cikin ankwa, ya kasa. Malami ya ce, "Na kai ka gaban Allah bisa abin da hannuna yay yi. Ka yahe man." Kamilu ya gyaɗa kai, hawaye na zuba. Sajan ya zaro makulli ya buɗe ankwar. Samarin da ke waje suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban ɗan'uwansa.

Malami ya miƙe da kyar. Ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa wa sajan.

"Ga wanda kuka nema. Sa man."

Sajan ya ja da baya. "Baba, ba laihi kay yi ba. Babu dokar da za ta kama ka."

"A kai ni kotun Littinin ɗin. A ɗaure ni ko shekara nawa ta."

"Baba, babu abin da za a rubuta."

Ya juya ga mai unguwa da hannuwan a miƙe, mai unguwa ya sunkuyar da kai. Ya juyo gare ni, na dubi ƙasa, abin da kaɗai na iya dubawa ke nan a duniya. Sajan ya soke ankwarsa a ɗamara, ya yi sallama a hankali ya fita.

Na ɗauki sandata na bi bayansa. Daga bakin zaure na waiga sau ɗaya. Tsohon yana nan tsaye a tsakiyar mutane, hannuwansa a haɗe a miƙe, yana jiran wanda zai tausaya masa ya kama shi.